Zafin da Ba Ya Taɓa Fata

Tun ƙarshen Oktoba rana ta ɗauke ƙafa daga Svalbard.
Ba sallama, ba saƙo.
Ni kuwa kullum sai na hau dutsen nan
a kan babur ɗin ƙanƙara, bindiga rataye a baya,
don farin beyar bai san ma'aikaci ba, nama ya sani,
in kankare raɓar da ta daskare a gilashin na'ura
domin idonta ya ga sama.

Torunn na ciki, riƙe da gahawar da ta huce tun ɗazu.
Ta ce, "Eilif, zo ka gani. Shekaranjiya ta yi atishawa."
Rana take nufi.
Haka take zancenta, kamar wata tsohuwar maƙwabciya
mai baƙaƙen tabo a fuska,
wadda zazzaɓinta kan tashi duk shekara goma sha ɗaya.

Abin da ta furzar ya kwana biyu a hanya.
Yau ya iso.
Maganaɗisun duniya ya tare shi da ƙirji,
ya karkato shi nan, saitin kanmu,
inda rufin ya lotsa kamar bakin mazurari.

Na leƙa allo. Jan layi sai hawa yake.
Kilomita ɗari uku sama da hulata
iska ta haura digiri dubu,
ta kumbura kamar ƙullin da aka manta a gefen murhu,
har taurarin ɗan Adam na jin ana riƙe musu ƙafa.
Na duba ma'aunin taga:
ashirin da bakwai ƙasa da sifiri.
Ƙanƙarar gemuna ko gezau.

Na ce, "To, ina zafin?"
Ta yi dariya har ta ƙware.
"Ko ka miƙa hannu can, ba abin da za ka ji.
Kowace ƙwayar iska gudu take kamar an cinna mata wuta,
amma tsakaninta da 'yar'uwarta akwai tafiya.
Zafin yana nan.
Masu kai shi ne suka yi kaɗan."

Na yi shiru.
Ubana shekara talatin ya yi yana haƙar kwal
a cikin tumbin wannan dutse.
Ya ɗumama gidajen mutanen da bai taɓa gani ba,
a namu gidan kalma biyar ta ishe shi mako.
Na gaje shi, har da tarin.

Ranar da Sunniva ta ɗaure jakarta,
fuskar rana wasai take, ba tabo ko ɗaya,
jan layin nan yana kwance kamar matacce.
A bakin jirgi ta ce, "Baba, kai sam ba ka da ɗumi."
Na gyara mata igiyar jaka.
Na ce ta kula da tikiti.

Yanzu ga sama ta ɓarke.
Koren labule, bakinsa ja,
yana kaɗawa ba tare da iska ba,
barewa biyu na tonon ciyawa a ƙasa, ko ɗaga kai ba su yi ba.

Torunn ta ce in ajiye lissafin da wuri.
"Ba ya daɗewa. Saman kanta za ta haɗa wata iska
mai tofar da zafin zuwa cikin duhu.
Kwana kaɗan, ta huce,
wani sa'in har ta fi da sanyi."

Sai na fita.
Na cire safar hannu da haƙori.
Wayar na jan numfashi, saura kashi tara.
Yatsa ya fara mutuwa kafin in gama sunanta.
Na rubuta: Sama ta yi zafi yau.
Na goge.
Na sake rubutawa, haka dai, ban ƙara komai ba,
na tura shi kudu.

Kwana biyu ne a hanya, in ji Torunn,
idan abin daga rana ya fito.
Nawa ban sani ba.
Na koma na ɗauki makankara,
gilashin ya riga ya sake yin fari.